Malam Sada da Uwar Shayi

Ni taubashiyar Malam Sada ce, uwata da ubansa ciki ɗaya suka fito, don haka duk abin da na faɗa a kansa ba mai kai ni ƙara. Tun muna yara a Maska nake tsokanarsa, kuma tun lokacin ba ya ramawa, sai dai ya dube ni kamar yadda yake duban akuyar da ta ci igiyarta. Mutum ne dogo, siriri, mai tafiya kamar ana jiransa a wani wuri. Yana noma masara da waken suya kamar kowa, amma ba da noma aka san shi ba. An san shi da riƙon kiwon mutane.

Ma'aikatan da ke Funtua da Katsina da Kaduna, waɗanda ke son dabba amma ba sa son warinta, su ne ke kawo masa tumaki da awaki, wani lokaci har da saniya. Sharaɗinsa ɗaya ne, kuma bai taɓa sauya shi ba: haihuwar fari ta mai dabba ce, ta biyu tasa, haka za a yi ta juyawa. Abin da ya ɗaukaka sunansa shi ne dabbar amana ba ta taɓa yin mushe a hannunsa ba. Ba wai ba sa ciwo ba ne, suna yi. Amma Sada da wuƙarsa yake kwana, da ita yake zuwa masallaci, kuma duk dabbar da ta fara shirin tafiya sai ya riga mutuwa isa wurinta. Ranar ɗaurin auren 'yarsa ta fari, liman na tsakar huɗuba, aka raɗa masa cewa wata tunkiya ta ci gyauron dawa cikinta ya kumbura. Ya tsallake manyan baƙi ya fita a guje da babbar riga. Ya dawo da jini a hannun rigar, ya tambaya ko an shafa fatiha, aka ce an shafa, ya ce to madalla, ita ma tunkiyar an same ta da rai.

Idan ya yanka, yakan tsaya ya ga jini ya yi tsartuwa, ya ga dabbar ta shure, sannan ya yarda ta halatta. Ya sayar da naman, ya busar da fatar, ya kai wa mai ita da kansa ya shimfiɗa a gabansa don ya gane tasa ce. A kasuwar dabbobi, da ya shigo za ka ji dillalai na cewa ga Sada wanda bai taɓa mushe ba. Yakan yi kamar bai ji ba, alhali har tafiyarsa sauyawa take yi.

Da satar shanu ta yi ƙamari a yankinmu, masu dabbobi suka riƙa zuwa ɗaya bayan ɗaya suna kwashe kayansu. Ba wanda ya zarge shi da komai, kowa da ba da haƙuri yake tafiya. Cikin 'yan shekaru garken ya zama fili. Sada ya koma zama a bakin zaure yana wasa wuƙar da ba abin da za ta yanka. Na yi ta tsokanarsa cewa ya fara kiwon ƙadangaru, amma a raina tausayinsa nake ji, don mutumin ramewa yake yi a tsaye.

Ana haka, da farkon damina, Adawiyya ta zo sallamar tafiya aikin Hajji. 'Yar yayansa ce marigayi, ma'aikaciyar jinya a Kaduna. Ta shigo rungume da wata babbar kwalba mai faɗin baki, an ɗaure bakin da farin ƙyalle. A ciki akwai ruwa ja-ja kamar shayi, a samansa kuma wani abu na yawo, fari-fari, mai kauri da santsi, kamar gandar da ta kwana a jiƙe. Ta ce sunan abin shan kwambuca, shayi ne da sukari ake bari ya yi tsami, ita tana sha don cikinta. Abin da ke saman kuma ana ce masa uwa, shi ke tsamar da shayin, kuma yana da rai.

Ta ce da dariya, "Baba, kiwo na kawo maka. Har haihuwa take yi."

Ni na san abin da yarinyar nan ta yi. Kwalbar za ta iya zama a ɗakinta har ta dawo ba abin da zai same ta, ganin zaman da baffanta ke yi ne ya sa ta nemo masa abin yi. Amma Sada bai san wasa ba a maganar kiwo. Ya gyara zama, ya tambayi shekarunta, da abin da take ci, da ko ta taɓa haihuwa. Ya maimaita sharaɗinsa na haihuwar fari, ya sa ni shaida. Adawiyya ta ce a ajiye ta a inuwa, a riƙa dafa shayi da sukari, a bar shi ya huce a ba ta. Direba na ta danna mata oda a waje, ta fita da sauri. Ba ta ce kada a zubar da ruwan ciki ba, domin bai taɓa zuwa mata a rai ba cewa akwai mai hankalin da zai zubar.

Abu na farko da makiyayi ke yi wa sabuwar dabba shi ne share mata makwanci. Washegari Sada ya buɗe ƙyallen, ya sunsuna, tsami ya bugi hancinsa. Nan take ya yanke hukunci cewa fitsarinta ne, kuma ya yi tir da mutanen birni masu barin dabba ta kwanta cikin ƙazantarta. Ya tsiyaye ruwan kaf a kan juji. Ya wanke uwar tas da ruwan rijiya, har yana murza ta da yatsa, ya ɗauraye kwalbar, ya cika ta da sabon shayi mai zaƙi, ya mayar da ita. Da na leƙa da yamma ya nuna mini aikinsa yana alfahari, ya ce yanzu ta san ta zo gidan mutane.

Ita kuwa ta nutse can ƙasan kwalbar ta kwanta, ta ƙi tasowa. Kwanaki suka wuce, shayin bai yi tsami ba, sai wani irin gafi da yake yi. Sada ya san dabbar da ta kwanta ta ƙi tashi, hankalinsa ya tashi. Ya zo ya ari wayata muka kira Adawiyya a Makka. Bayan doguwar gaisuwa da tambayar lafiyar alhazai, ya ce wai akwai wani mutum, can wajen Tsiga, da aka ba irin wannan kiwo, ya zubar da ruwan, ko akwai abin da zai faru.

Adawiyya ta yi salati. Ta ce ai ruwan nan shi ne iri, tsaminsa ne ke tsare uwar, duk sabon shayin da za a zuba sai an haɗa da kofi guda na tsohon. In babu shi, fumfuna ce za ta kama ta ta mutu. Ta ce a gaya wa mutumin Tsiga ya yi maza ya nemo tsohon ruwa wurin mai yin abin, ɗanye wanda ba a dafa ba, wanda ba a sa masa citta ko zoɓo ba, kuma kada ya yarda a ba shi biniga, ruwan tsamin nan na kanti. Sai layin ya yanke. Sada ya miƙo mini wayar, na ce masa Allah ya ba mutumin Tsiga sa'a, bai ko kalle ni ba.

Daga ranar ya shiga neman iri. Mutane na ta zuba taki a masara, shi yana bin gari yana tambayar wa ke da tsohon ruwan shayi. Mai shayin bakin tasha ya ɗauka zagi ne, ya ce shi shayinsa bai taɓa kwana ba. Sai Sada ya ɗaure kwalbar da zane a bayansa, ya hau acaɓa ya tafi wurin Shitu, malamin dabbobi, wanda suka daɗe suna aiki tare. Bai kwance zanen ba sai da ya gama bayani. Shitu ya tambaya ko tana cin abinci, ya ce ba ya gani. Ko tana tuƙa, ya ce a'a. Ko tana zawo, ya ce da wuya a gane. Ya tambayi ƙafar da take ɗingishi da ita, Sada ya ce ba ta da ƙafa. A nan ne Shitu ya ce a fito da ita. Ya daɗe yana leƙen kwalbar, ya cire tabarau ya goge ya mayar, ya ce wallahi ranar da aka koyar da wannan bai je aji ba. Sada ya roƙe shi ya yi mata ko allura ɗaya ce, Shitu ya ce bai ga inda zai soka ba.

Wadda ta fara gane maganarsa ita ce Shafa'atu, Bafillatanar da ke kawo mana nono. Tun bai rufe baki ba ta ce ai haka kindirmo yake, sai an ɗiga na jiya a madarar yau take kamawa, kuma macen da irinta ya ƙare maƙwabciya take roƙa. Ta ɗebo masa ludayi guda kyauta. Amma ta ce ita ba ta ɗauki alkawari ba, don irin nono madara ya sani, bai taɓa gamuwa da shayi ba. Sada bai yarda ya gwada a kan dabbar amana ba. Sai ya jera kofuna a tsohon ɗakin awaki, kowanne da shayi: wannan da nono, wannan da ruwan gasara, wannan da jiƙon tsamiya, wancan da lemon tsami. Safe da yamma yana zagaya su da hannu a baya kamar mai duba jarabawa. Abin da suka haifar kawai wari ne da ƙudaje, har matarsa Tsohuwa ta kwashe murhunta ta koma bayan gida da girki.

Da na ga abin na neman taɓa masa kai, sai na shiga. Ina cikin wani zauren mata a waya, na masu saye da sayarwa, na aika saƙon murya cewa ana neman tsohon ruwan kwambuca ruwa a jallo. Wata ta ce tana da maganin rage tumbi. Wata ta ce in abin yana motsi da kansa a kai shi ruƙiyya. Wata ta yi mini wa'azi mai tsawo a kan giya, na amsa mata da abin da ya sa aka kusa fitar da ni daga zauren. Can sai wata Malama Amina, mai sayar da zoɓo da kunun aya a Funtua, ta ce tana yi, mu zo.

Ranar da muka tafi, bayan Babbar Sallah ce, wadda Sada ya yi ba tare da ya mayar wa kowa da ragonsa na layya ba, don ba kiwon kowa a hannunsa. Ya sa rigarsa ta Juma'a, ya sayi goro, irin zuwan da yake yi in zai ari bunsuru. Malama Amina ta shigar da mu wani ɗaki mai sanyi, ga kwalabe jere a kan kanta, kowacce da uwa a samanta tana shawagi cikin ƙoshin lafiya. Na ga idon Sada ya cika da hassada. Ya tambayi asalinsu, ta ce daga Zariya ta samo, ita ma ta Zariyar daga Jos aka kawo mata. Ya tambaya ko akwai wata cuta a danginsu, ta dube ni, na yi mata alamar ta amsa kawai. Ta zaɓi kwalbar da ta fi daɗewa, ta ce ita ta fi tsami, ta ɗebi ruwan daga sama ta cika masa gora mai tsabta. Ta ce in ya ga fumfuna, kore ko baƙa mai gashi-gashi, to magana ta ƙare, a zubar da komai.

Sannan ta ce ai da ma ya huta da wahala, ya ɗauki uwa guda sukutum, sun yi mata yawa har kaji take yayyanka wa. Sada ya ajiye goran a hankali. Ya ce shi ba a taɓa ba shi baƙar akuya ya mayar da ja ba, musanya dabbar amana sata ce ko da wadda aka kawo ta fi ƙiba. Malama Amina ta ba shi haƙuri ba tare da ta san laifin da ta yi ba.

Muka dawo Maska da azahar, yana rungume da goran kamar jariri. Ya sa Tsohuwa ta dafa sabon shayi aka bar shi yana hucewa. Sannan ya ɗauko kwalbar ya kwance ƙyallen. Saman shayin duk ya yi ɗigo-ɗigo kore mai gashi, har ya kama gefen uwar inda ta ɗan ɗago. Sai na ga hannunsa ya tafi aljihun da wuƙarsa take.

Ya tsamo ta ya shimfiɗa a kan faifai a tsakar gida, ya ce in riƙe masa. Na ce in riƙe ina? Abu ne kewayayye, ba kai ba gindi. Ya juya ta ya sake juyawa yana laluben maƙogwaro da babban yatsa, daga ƙarshe ya zaɓi inda ta fi kauri ya fuskantar da shi alƙibla. Ni ina durƙushe na danne gefe guda, dariya na cina har hawaye na zubo mini, Tsohuwa ta toshe baki da gyale. Ya yi bisimilla, ya yi kabbara, ya ja wuƙar. Ta rabu biyu ba wata gardama. Ya tsuguna yana kallo, yana jiran jini, yana jiran ta shure. Ya jira har ƙuda ya sauka a kai.

Ya ce, "Ta riga ni."

Na daina dariya. Na ce haba Sada, abin da ba shi da jini ta ina zai yi jini? Ya ce shi dai abin da ya sani, in an yanka ba a ga jini ba, ba a ga motsi ba, mushe ne, kuma ba zai sauya hukunci don ya faɗo a kansa ba. Ya wanke wuƙarsa. Ya barbaɗa wa ɓarin biyun gishiri, ya kafe su da ƙusa a jikin katako ya shanya, kamar yadda yake yi wa fata.

Ni asarar sukari ce ba na iya gani. Na ƙona kwalbar da tafasasshen ruwa, na juye shayin da ya huce, na tuttula ruwan Malama Amina a kai, na ɗaure bakin na tura ta lungu a ɗakin Tsohuwa, muka manta da ita. Ana gab da dawowar alhazai Tsohuwa ta aiko a kira ni. Muka leƙa, sai ga sabuwar uwa ta shimfiɗu a saman shayin, fara sol, ta cika bakin kwalbar. Ashe ruwan kaɗai ya isa ya haifar da wata. Na yi guɗa, na je na jawo Sada daga zaure. Na ce masa Allah ya rufa asiri, kwalbar Adawiyya ce, uwa kuma duk kamarsu ɗaya, daga ni sai shi sai Tsohuwa muka sani, ya ja bakinsa ya yi shiru. Ya dube ni irin duban nan nasa, ya koma zaure.

Adawiyya ta zo da dabino da zamzam da sabon haƙorin Makka. Ni na yi saurin ɗauko kwalbar na dire a gabanta. Ta ɗaga ta tana murna, ta ce ai ta fi kyau a nan, da ma ta san hannun Baba. Sada ya tashi ya shiga ɗaki. Ya fito da wasu busassun abubuwa biyu da suka ƙanƙance suka yi baƙi, ya durƙusa, tsoho da shi, ya shimfiɗa su a gaban 'yar da ya yi wa huɗuba ranar da aka haife ta.

Ya ce, "Hajiya, ga taki. Ni ne mutumin Tsiga. Ni na zubar mata da ruwa, kuma ban same ta da rai ba. Waccan ta cikin kwalba 'yar wata ce a Funtua."

Adawiyya ta fashe da dariya. Ta ce Baba ai wannan ba komai ba ne, abin da ake zubarwa ne, ko ita ta sha kashe nata, da ma wasa take yi da ta ce kiwo.

Ya ce, "Ke kika ce mini tana da rai."

Ta dube shi sosai, dariyar ta ɗauke. Ta gyara mayafinta, ta sauko daga kujera ta zauna a tabarma, ta ɗauki busassun fatun ta jujjuya su kamar mai tantancewa. Ta ce ta gane, tata ce, Allah ya mayar da alheri, ta yafe. Ya ce amin. Ta roƙe shi ya ci gaba da riƙe sabuwar, ya ce ba tata ba ce balle ta bayar, haihuwar fari ce, ta mai iri ce. Washegari ya juye ta a wani mazubi ya kai wa Malama Amina har gida, matar da ke rasa yadda za ta yi da nata.

Yanzu an ɗan samu sauƙi, har wani malamin makaranta ya kawo masa tumaki biyu. Kafin ya karɓi igiyar sai da ya zaunar da mutumin ya ba shi labarin nan tun daga farko, don ya san hannun da zai bar dukiyarsa. Rannan na bi ta kasuwar dabbobi, na hango shi yana shigowa, wani dillali ya ɗaga murya ya ce ga Sada wanda bai taɓa mushe ba. Da can wucewa zai yi kamar bai ji ba. Wannan karon ya tsaya, ya koma har gaban mutumin.

Ya ce, "Na yi. Sau ɗaya."